Rigar Ƙwauri

Bara na sayi mai sheƙi a Kasuwar Barci,
baƙa wuluk, da zif har gwiwa.
Mai gwanjo ya rantse ko kasa ta kai sara
sai dai ta koma rami da ciwon haƙori.
Bai yi ƙarya ba. Abin da ya ɓoye mini:
kowane taku sai ta ce kwaras, kwaras,
kamar na ɗaura buhun leda a ƙafa.
Fakara kan tashi tun ina hayin rafi.
Kaka ta zo ta wuce,
ko zomo bai ga tukunyarmu ba.

Bana sai na goyo Kawu Jatau a babur,
daga Kajuru har cikin Kaduna.
Shekara tara ke nan da idonsa ya rufe,
amma kunnen da ya yi shekara arba'in a dawa
bai ajiye aiki ba.

Muka kutsa tsakanin kekunan teloli
da ihun masu baro.
Aka zube mana tari a kan tabarma.
Kawu bai tambayi launi ba,
bai tambayi ƙasar da aka ɗinko ta ba.
Ya ɗauki ɗaya, ya murza a gefen kunne,
ya ce, wannan magulmaciya ce,
kafin ka isa ta kai labari.
Ya ɗauki wata mai ƙarfe a idon sawu:
wannan kuma maroƙiya,
da ta ga dutse za ta fara kirari.
Mai gashi-gashin nan fa?
Ƙarangiya za ta aure ta ranar farko.
Ta roba ta hana raɓa shiga,
ta hana gumi fita,
kafin hantsi ƙafarka ta zama jiƙo.

Mai rumfa ya gaji, ya koma kan rediyonsa.

Can ƙasan tarin, wata koɗaɗɗiya,
tamfol da ya sha wanki har ya yi laushi,
launin gamba bayan an ɗauke ruwa,
ba zif, ba ƙarfe, igiya ce kawai,
sai faci ɗaya na fatar akuya.
Kawu ya murza. Ya sake murzawa.
Ya ce, ɗaura, ka wuce ta bayana.
Na wuce. Na dawo. Na tsaya a gabansa.
Ya ce, Barau, me kake jira? Wuce mana.

Nan take na biya, ban nemi ragi ba.

Da asubahin Laraba na shiga ƙasan duwatsu.
Raɓa ta kwanta, ba ta taɓa fatata ba.
Ƙaya ta ja, ta saki.
Kaska ta hau, ta rasa ƙofa.
Ina tafe kamar inuwar gajimare,
ni kaina ina neman ƙarar sawuna.

Sai ga gada a gindin kanya,
kusa, har ina jin tana tauna,
har ina ganin ƙuda a gefen idonta.
Na janye numfashi. Na sassauta kafaɗa.
Na durƙusa a hankali
don in daidaita baki,
gwiwata ta ce ƙas!

Ganye ya kaɗa. Kanya ta rage ita kaɗai.

Da yamma na ba Kawu labari.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
Da ya sha ruwa ya lalubo ƙafata,
ya shafa tamfol, ya haura sama kaɗan,
ya ƙwanƙwasa ƙashin da yatsa biyu.
Ya ce, rigar ta riƙe amana.
Wannan kuwa tsohon gwanjo ne,
kuma ba a canza shi a Kasuwar Barci.
Gobe ka durƙusa tun daga nesa.